Manhaja Ta Kowa, Suna Na Mai Shi

Masu aiki da MySQL da yawa na zaton "My" ɗin da ke farkon sunan kalmar Turanci ce mai nufin "nawa". A'a. Sunan 'yar Michael Widenius ne, ɗan ƙasar Finland da aka fi sani da Monty, wanda shi da abokansa suka fitar da wannan manhajar rumbun bayanai a 1995. A 2008 kamfanin Sun ya sayi kamfaninsu kan kusan dala biliyan ɗaya, shi ma Sun ɗin Oracle ya haɗiye shi a 2010. Monty bai amince da inda aka dosa ba, don haka tun 2009 ya kwashi lambobin manhajar ya buɗe nasa layin, tunda lasisi ya ba kowa wannan damar. Abu ɗaya ne ya gagare shi ɗauka: sunan 'yarsa, domin ya riga ya zama tambarin kasuwanci na wasu. Dole ya juya ga ƙanwarta, Maria, aka samu MariaDB.

A harkar buɗaɗɗiyar manhaja lambobin na kowa ne, suna kuwa yana da mai shi. Wanda ke son sanin kamfanin da ke rama alheri da wanda ke ci ya goge baki, sai ya fara duba hannun da sunan yake.

PostgreSQL suna ne mai karya harshe, har masu shi sun yarda a ce Postgres kawai. Asalinsa Ingres ne, aikin Michael Stonebraker a jami'ar Berkeley ta Amurka. Da ya fara sabon aiki a 1986 sai ya kira shi Postgres, wato na bayan Ingres, aka liƙa masa SQL a 1996. Babu kamfanin da ya mallaki wannan suna. Wata ƙungiya da ba ta neman riba a Kanada ce ke riƙe da tambarin. Jama'ar kuma suna kishin hakan sosai. A 2020 EDB, wani kamfanin Postgres, ya sayi takwaransa 2ndQuadrant, aka wayi gari yawancin 'yan kwamitin ƙoli ma'aikatan gida ɗaya ne. Ba a daɗe ba aka ƙara kujeru, aka shigo da mutane daga wasu kamfanoni don rinjayen ya karye.

To me ake kira ramawa a can? Kalmarsu ita ce "upstream", mafarin kogi. Kamfanin da ya gyara wata matsala ya riƙe gyaran a cikin hajarsa ya sha ruwa ne a ƙasa. Wanda ya tura gyaran zuwa mafari, duk na bayansa za su samu. Kuɗin taro da tambari a jikin allo ana godiya, amma abin da ya fi tsada shi ne albashin mutum. 'Yan tsirarun da ake kira "committer", masu izinin shigar da gyara cikin ainihin manhajar, galibi kamfanoni irin su EDB, Microsoft da Amazon ne ke biyansu. Sai aikin da ba ya kawo suna: zama a karanta gyaran wani layi-layi a lokacin Commitfest, wato zangon duba gyare-gyare, a gwada, a mayar masa.

Andres Freund, ma'aikacin Microsoft, yana cikin waɗannan. A watan Maris na 2024 yana gwajin saurin Postgres sai ya lura shiga wata na'ura daga nesa ta hanyar SSH na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Wani zai ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya da aka dasa a asirce cikin xz, ƙaramar manhajar da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da ita. Albashinsa na Postgres ne, amfanin ya kai ga waɗanda ba su taɓa jin sunan ba.

Kalmar da ni nake yi wa kallon tsanaki ita ce "compatible", mai jituwa. Aurora na Amazon da AlloyDB na Google duk suna jingina da sunan PostgreSQL, alhali sashen da suka sake ginawa a rufe yake. Lasisin bai hana ba, kuma ba su yi ƙarya ba, sai dai mai saye ya san ba ainihin abin aka miƙo masa ba.

Inda kamfani ɗaya ke riƙe da suna, rigimar ta fi zafi. Kamfanin Elastic ya kai Amazon kotu a 2019 kan sunan manhajarsa Elasticsearch, ya sauya lasisi a 2021, Amazon ya balle da OpenSearch. Redis ya bi sahu a Maris na 2024, yana kukan manyan kamfanoni na cin riba da guminsa. Cikin 'yan kwanaki wasu tsofaffin masu ba da gudummawa suka fito da Valkey a ƙarƙashin Gidauniyar Linux, da goyon bayan Amazon, Google da Oracle, wato waɗanda ake zargin. Redis ya dawo da buɗaɗɗen lasisi na AGPL a Mayun 2025, amma kafin nan Fedora, ɗaya daga cikin nau'ikan Linux, ta riga ta maye gurbinsa da Valkey.