Daga zura igiya zuwa radar: tarihin awon mai cikin tanki

Kalmar radar haruffan farko ne na wata jimlar Ingilishi, waɗanda sojan ruwa na Amurka suka harhaɗa a 1940. Mu a nan mun fi son fassara aikinta da amsa-kuwwa, domin na'urar tana aika gajeren zangon rediyo, wanda ake kira micro-onde da Faransanci, ta jira ya bugi abu ya komo. Tun 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya nuna a birnin Kolon cewa ana iya gano jirgin ruwa ta wannan hanya, amma babu wanda ya saye.

Abin da ya kai radar cikin tanki kuwa, haɗari ne. A watan Disamba na 1969 manyan jiragen dakon mai ukku, Marpessa da Mactra da Kong Haakon VII, suka yi bindiga a gaɓar Afirka lokacin da ake wanke tankunansu. Marpessa ma nutsewa ya yi. Daga nan aka shiga cika sararin tanki da iskar da ba ta kama wuta, ana rufe shi ruf. To, tankin da aka rufe, ta ina za a zura masa igiyar awo? Akwai ma'auni mai yawo bisa mai, sai dai ɗanyen mai yana da danƙo, yakan liƙe shi. A 1976 kamfanin Saab na ƙasar Suwidin ya fito da radar da ake kafawa bisa tanki, ba ta taɓa man ko kaɗan.

Wuyar aikin tana ga lokaci. Zangon yana gudun kilomita 300.000 a daƙiƙa, tazarar ƴan mitoci kuwa ba a bakin kome take ba gare shi. Dabarar ita ce a riƙa sauya mitar zangon sannu a hankali, sa'an nan a gwada wanda ya komo da wanda ke fita. Bambancinsu ne ke ba da nisa. Mu lura kuma da cewa ruwa ya fi mai maido da kuwwa nesa ba kusa ba, wato an fara da mafi wuya.

Ruwan ya samu nasa rabo ta sama: tauraron TOPEX/Poseidon na Amurka da Faransa, wanda aka harba a 1992, ya riƙa auna hawa da saukar tafkin Cadi daga nisan kilomita 1.336.