Allurar baya lokacin naƙuda: amfani, haɗari da haƙƙin mai ciki

Allurar baya, wadda likitoci ke kira efidural, hanya ce ta rage zafin naƙuda. Likitan sa barci ne ke zura wani siririn bututu tsakanin ƙasusuwan gadon baya, a wajen rigar da ta lulluɓe laka, yana tura magani kaɗan-kaɗan. Cikin minti 10 zuwa 30 zafi yakan lafa daga ƙugu zuwa ƙasa, mace kuma tana cikin hayyacinta.

Ga matan Abu Na'ama da ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu a jihar Sennar, ungozoma ce kan karɓi haihuwa, wadda a Sudan ake kira daya. Idan haihuwa ta zo da gardama, a kan wuce manyan asibitocin Sinja, Sennar ko Wad Madani. A can, abin da mace ta fi haɗuwa da shi shi ne 'yar'uwar efidural, wato allurar laka da ake yi sau ɗaya kafin tiyatar ciro jariri.

Illolinta

Jini yana iya sauka, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa, ana auna jinin uwa da bugun zuciyar jariri akai-akai. Akwai ƙaiƙayi, zazzaɓi, nauyin ƙafafu da wahalar fitsari. Kusan mace 1 cikin 100 na fama da ciwon kai mai tsanani daga baya, amma yana da magani. Lokacin yunƙuri na iya tsawaita har a jawo jariri da na'ura. Taɓa jijiya ko shigar ƙwayar cuta ba kasafai suke faruwa ba.

Bincike bai nuna cewa allurar tana ƙara yawan tiyata ko tana barin mace da ciwon baya na dindindin ba.

Wadda ba a yi wa

Ba a yi wa mai zubar jini sosai, ko wadda jininta ba ya daskarewa, ko mai ƙurji a wurin allurar. Hawan jinin ciki mai tsanani da zazzaɓin cizon sauro suna iya rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, don haka a faɗa wa likita, a gwada jini tukuna.

Zaɓin na mace ne

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da efidural ga mai lafiya da ta nemi sauƙin naƙuda, gwargwadon ra'ayinta. Sa hannun miji ba ya maye gurbin yardarta. Idan bayanin da Larabci ne kuma bai shige ta ba, ta nemi tafinta.

Tun a wurin awo ya kamata a tambaya: akwai likitan sa barci dare da rana? Wa zai riƙa duba jini? Nawa ne kuɗin? Wace hanya ce kuma idan ba a son allurar?