Yadda Ake Gano Malalar Mai a Cikin Ƙanƙarar Teku da Na'urar Rada

Mu da ke zaune a Fatakwal, Warri ko Legas, labarin malalar ɗanyen mai ba baƙo ba ne. Lokacin da mai ya malala a rijiyar Bonga a watan Disamba na 2011, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna shi shimfiɗe a kan teku, baƙi ƙirin. To amma can ƙuryar arewacin duniya, yankin Aktik, inda teku ke daskarewa, aikin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba.

Rada dai na'ura ce mai harba igiyar rediyo ƙasa, ta saurari abin da ya dawo. Ba ruwanta da dare ko gajimare, shi ya sa ake ji da ita a yankin da rana kan ɓace tsawon watanni a lokacin sanyi. Taurari irin su RADARSAT-2 na Kanada da aka harba a 2007, da Sentinel-1A na Turai da aka harba a 2014, suna ɗauke da ita. Ruwan da iska ke kaɗawa yana mayar da igiyar, sai ya fito da haske a hoto. Mai kuwa kwantar da ƙananan raƙuman ruwa yake yi, wurin ya yi sumul, igiyar ta zame ta wuce, sai ya fito baƙi.

Matsalar ita ce sabuwar ƙanƙara ma haka take yi. Idan teku ya fara daskarewa, samansa kan yi kamar romon da kitse ya fara kwanciya a kai, kuma a hoton rada kusan ba ka bambance shi da mai. Ko wurin da iska ta kwanta, shi ma baƙin yake fitowa. Sannan idan man ya shige ƙarƙashin ƙanƙara, sai ta ci gaba da kauri ta rufe shi ciki, gishirin da ke jikinta kuma ya shanye igiyar tauraron kafin ta kai gare shi. Sai bazara ta zo man ya biyo ƙananan ramukan gishiri ya fito sama, alhali ƙanƙarar ta yi tafiya da shi mai nisa.

Saboda haka masana suka koma ga radar da ake ja a kan ƙanƙarar ko a rataya a jikin jirgi mai saukar ungulu. A 2006, a tsibiran Svalbard na ƙasar Norway, an zuba ɗanyen mai da gangan a ƙarƙashin ƙanƙara, wannan radar kuma ta gano shi. Tana aiki sosai idan sanyi ya tsananta. Ƙanƙara na fara ɗumi da jiƙewa, ƙarfinta sai ya ragu. Abin da ya fi ba ni mamaki, a can Svalbard ɗin an gwada horarrun karnuka, suka shinshino man da aka binne a cikin dusar ƙanƙara.