Asalin Kalma: Adabi, Ladabi da Sunan Adibu

Idan uba a Birnin Kebbi ya ce zai raɗa wa ɗansa Adibu, sai dangi su dubi juna. An saba da Abdullahi, albarkacin Malam Abdullahin Gwandu, a Argungu kuma Sama'ila ya fi kama baki. To, ina Adibu ya fito?

Tushensa kalmar Larabci ce, adab, wato tarbiyya da kyawun ɗabi'a. A zamanin Abbasiyawa ta faɗaɗa ta haɗa da iya rubutu da waƙa, har Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a 889, ya wallafa Adabul Katib domin magatakarda.

Sau biyu Hausa ta ari kalmar. A aron farko ta haɗiye "al" ɗin Larabci, kamar yadda ta yi a labari da lokaci da liman, aka sami ladabi. Shi ne na zaure: yaro ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida manya. Daga nan ladabtarwa ta fito, wadda wani lokaci ba ta rasa bulala. Aro na biyu na 'yan makaranta ne: adabi, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo.

Saboda haka Adibu na nufin mai ladabi, yana kuma nufin ma'abocin alƙalami. Ma'anar ba ta da aibu. Sai dai uban ya shirya: kaka za ta iya mayar da shi Habibu tun kafin a gama rabon goron suna.