Yadda Likitoci Suka Fara Ganin Numfashi da Ido

A da, likita ba ya ganin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke jan numfashi. Sai dai ya ƙwanƙwasa ƙirji ya saurara. A 1895 Röntgen ya gano hasken eksirai a Jamus. Ba a jima ba Dakta Francis Williams na Boston, Amurka, ya riƙa kallon tantanin yana hawa da sauka, har ya lura cewa motsinsa kan ragu a ɓangaren da tarin fuka ya kama.

Sai dai hasken na da illa: a 1904 ya yi ajalin Clarence Dally, mataimakin Edison. Yau ana iya duba wannan motsi da sikanin a bakin gadon majinyaci, ba tare da wannan haɗari ba.