Isawa da Tarihin Kalmar Ceto a Ƙasar Zazzau

Duk wanda zai yi nazarin shigowar addinin Kirista ƙasar Hausa, lalle ne ya fara da Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi aka yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda ya zurfafa cikin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya fifita shi a wa'azinsa. Hukuma ta kashe shi, almajiransa suka watsu zuwa Ningi da ƙauyukan Zazzau.

A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na ƙungiyar C.M.S. suka isa Kano, Sarki Aliyu ya sallame su. Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, kuma a 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo gare shi neman ƙarin bayani. Aka kafa musu gari a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 mishan ta koma Wusasa.

To, mene ne sabon abin da suka ji? Sunan Isa ba baƙo ba ne a gare su. Baƙon abu shi ne koyarwar cewa ya mutu a kan gicciye domin fansar masu zunubi, kuma mutum yana samun gafara ta wurin bangaskiya, ba don ladar aikinsa ba. Wannan ita ce aƙidar da Martin Luther ya tsaya a kanta a Jamus, a gardamar da ta tashi a 1517. Musulunci kuwa bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma yana haɗa imani da aiki nagari.

Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun ɗauki kalmomin da suka tarar: zunubi, tuba, gafara, ceto. Amma ceto a bakin Musulmi roƙon da Annabi zai yi ne ranar alƙiyama. A bakin Kirista kuwa kuɓuta ce da aka riga aka samu. Saboda haka ɗalibi da ma'aikacin da ke hulɗa da jama'a su lura: maƙwabta biyu na iya furta kalma guda, alhali kowa da abin da yake nufi.