Filifa: yadda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba ke riƙe da tsoffin injunan wasa

Filifa injin wasa ne mai ƙafa huɗu, kamar dogon tebur mai gangara da aka rufe da gilashi. Faransawa na kiran shi flipper, Amurkawa da suka ƙera shi kuma pinball. Mai wasa yana jefa ƙwandala, ya ja wani ƙarfe mai sifirin ya saki, sai ƙwallon ƙarfe da bai wuce girman ɗan goro ba ya haura can sama, ya riƙa gangarowa yana bugun turaku, fitilu na walƙiya, maki na hawa. A ƙasan teburin akwai ƴan fukafukai biyu da ake motsawa da maɓallai na gefe. Da su ake mayar da ƙwallon sama kafin ya faɗa rami. Wanda ya yi zaman karatu ko aiki a Faransa a shekarun 1970 da 1980 ya san shi, don da wuya a shiga gidan shan kofi ba a tarar da ɗaya a lungu ba. A Maradi bebifut aka fi sani, kuma bambancinsu babba ne: bebifut kafinta da maƙeri na gyara shi a yini guda, filifa kuwa cikinsa waya ce da dubban ƙananan sassa.

Yau manyan tarin waɗannan injuna suna Amurka, kuma da dama daga cikinsu sun fita daga hannun mutum ɗaya sun koma hannun ƙungiyoyin da ba na neman riba ba. Wasu sun tsira ta wannan hanya, wasu sun watse duk da ita.

Asalinsa

Kakan filifa wani wasan tebur ne na fadar Faransa a ƙarni na 18, mai suna bagatelle, wanda ake tura ƙwallo da sanda tsakanin ƙusoshi. A 1871 wani Bature ɗan Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar sifirin da ya maye gurbin sandar. Kasuwarsa ta buɗe ne a birnin Shikago a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, lokacin da David Gottlieb ya fito da Baffle Ball: da ƙwandala mafi ƙanƙanta talaka zai yi wasa ya manta da damuwarsa na ɗan lokaci. Kuran ya shigo cikin injunan a 1933. Fukafukan da suka ba shi sunansa na Faransanci sai a 1947 suka bayyana, a wani injin kamfanin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty.

Kafin fukafukan, mai wasa ba shi da ta cewa bayan ya saki ƙwallo, kuma wasu masu shaguna na biyan kuɗi ga wanda ya ci. Caca ce tsagwaronta, haka ma hukumomi suka ɗauke ta. A farkon 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya haramta injunan, ƴan sanda suka kwashe dubbai aka farfasa da guduma. Haramcin bai tashi ba sai a 1976, bayan wani marubuci gwanin wasan, Roger Sharpe, ya buga a gaban majalisar birnin don ya nuna cewa ƙwarewa ce ke aiki ba sa'a kaɗai ba. Injunan da ke gidajen ajiya a yau ba sa biyan kowa ko dala. Abin da mai wasa ke samu bai wuce a ƙara masa zagaye ɗaya kyauta ba.

Inji mafi kasuwa tun bayan zuwan fukafukai shi ne The Addams Family na 1992, wanda aka ƙera fiye da 20,000. Daga nan wasannin bidiyo da kwamfuta suka cinye kasuwar. Gottlieb ya rufe a 1996, Williams ya daina ƙera filifa a 1999, aka bar kamfanin Stern shi kaɗai tsawon shekaru fiye da goma. Kamfani in ya mutu, kayan gyaransa ma sun bi shi, kuma a nan ne matsalar ajiya ta fara.

Abin da ke kashe inji

Filifa ɗaya ya haura kilo 100, kuma yana cin wurin da ƙaramin gado zai ci. Mai guda goma yana buƙatar ɗaki, mai guda dubu yana buƙatar sito irin na ƴan kasuwar hatsi. Ajiyar kanta ba ta da sauƙi. Robobin da ke zagaye da turaku suna bushewa su tsattsage. Fentin da ke bayan gilashin sama, inda aka zana hotunan da masu tarawa suka fi ƙauna, yana ɓanɓarewa in zafi da sanyi suka yi ta musanya. Katakon tebur yana kumbura da danshi. Injunan da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1970 suna da allon lantarki mai batir, kuma batirin da aka manta a ciki yana zubar da ruwansa ya cinye allon. Tsoffin kuwa, masu aiki da koyil, wato naɗin wayar tagulla da ke zama maganaɗisu in kuran ya shiga, in sun daɗe ba a kunna su ba man da ke jikinsu yana daskarewa, bakunan wayoyin su yi tsatsa. Duk mai tsohuwar mota ya san wannan: wadda aka kafe a gareji ta fi wadda ake hawa saurin lalacewa.

Sai babbar matsalar, wadda ba ta ƙarfe ba ce. Mai tarin yana tsufa. Ran da ya rasu, abin da ya kwashe shekara arba'in yana haɗawa ya zama gado, magada kuma ba lalle ne su damu da shi ba, balle su biya hayar sito saboda shi. Sai a kira dillali.

Dalilin da ya sa ake mayar da tarin ga ƙungiya ke nan. A dokar haraji ta Amurka, ƙungiyar da aka amince da ita a matsayin ta amfanin jama'a ba ta biyan harajin riba, wanda ya ba ta kyauta ana rage masa nasa harajin, kuma tilas ta riƙa bayyana lissafin kuɗinta kowace shekara inda kowa zai iya dubawa. Sharaɗi mafi nauyi shi ne na ranar rushewa: abin da ya rage ba a raba shi tsakanin shugabanni, sai dai a miƙa shi ga wani aikin amfanin jama'a. Mutumin da ya ba da injunansa ya rabu da su ke nan, ko da shi ne shugaban ƙungiyar. Ba kowane mai tarawa ke iya haɗiye wannan ba.

Las Vegas

Misalin da aka fi ambata shi ne Pinball Hall of Fame a Las Vegas, jihar Nevada. Wanda ya kafa shi, Tim Arnold, ya yi sana'ar gidajen wasa shi da ɗan'uwansa a jihar Michigan tun 1976. A 1990 ya sayar da kasonsa ya koma Las Vegas da injuna kusan dubu, ya jibge su a wani babban sito kusa da gidansa. Shekaru yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe ƙofa jefi-jefi mutane su zo su yi wasa, kuɗin da aka samu a ba masu aikin agaji. A 2006 aka buɗe gidan ga jama'a ƙarƙashin ƙungiyar Las Vegas Pinball Collectors Club.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Shiga kyauta ce. Kowane inji da ƙwandala yake aiki kamar yadda aka ƙera shi, kuma ƙwandalolin nan su ke biyan kuran da kayan gyara. Masu aikin galibi ƴan sa kai ne. Abin da ya yi saura ana ba da shi sadaka, mafi yawa ga ƙungiyar agaji ta Salvation Army. Ba a kashe kuɗi wajen ƙawa: bayanin inji sau da yawa a ƴar takarda yake, an rubuta da hannu an manna a jikin gilashi.

Abin da ya bambanta Arnold da sauran shi ne ya ƙi zaman haya. A 2009 ƙungiyar ta koma ginin da ta saya da kuɗinta. Daga baya ta sayar da shi, ta sayi fili a kan babban titin otal-otal na birnin, ta gina zaure mai faɗin murabba'in mita 2,300 da ɗoriya. Annobar korona ta faɗo ana tsakiyar ginin, baƙi suka ɗauke ƙafa, kuɗi suka yanke, har sai da aka nemi gudummawar dalar Amurka 200,000 ta intanet. Jama'a suka cika ta, aka buɗe sabon gidan a 2021. Da wuya mutane su zuba irin wannan kuɗi don ɗan kasuwa ya ƙarasa shagonsa. Sun ba da ne saboda sun san ba aljihun wani za su shiga ba.

A garin Alameda na jihar Kalifoniya akwai Pacific Pinball Museum, wanda Michael Schiess ya faro, ya zama ƙungiya a 2004. Can ana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sannan a yi wasa iya so. Injuna kusan ɗari ne a zauren, an jera su bisa shekarun ƙira, yayin da fiye da dubu ke sito. Gidan ya fi karkata ga koyarwa: akwai injin da aka yi wa gangar jiki ta roba mai haske kamar gilashi, don ƴan makaranta su ga yadda kuran ke tafiya daga maɓalli zuwa koyil.

Waɗanda suka watse

Takardar ƙungiya ba laya ba ce. National Pinball Museum na David Silverman ya buɗe a birnin Washington a ƙarshen 2010, a cikin wata cibiyar kasuwanci. Kafin shekara ta zagayo masu ginin suka ce a tashi. Ya koma Baltimore a 2012, ya rufe a 2013, nan ma kan maganar haya, daga baya aka yi gwanjon injunan.

A garin Banning na Kalifoniya, Museum of Pinball ya tara injunan filifa da na bidiyo fiye da dubu, amma kwanaki kaɗan yake buɗewa a shekara, don haka kuɗin shigarsa ba su taka kara sun karya ba. Bayan korona aka ba wani kamfanin noman wiwi hayar ginin, abin da dokar jihar ta halatta. Yunƙurin komawa Palm Springs ya ci tura, aka yi gwanjon komai a watan Satumba na 2021.

Labarin garin Carnegie, kusa da Pittsburgh, zai fi taɓa mutanen Maradi, waɗanda kakanninsu suka bar tsohon gari a kwarin Gulbi suka hau tudu bayan ambaliyar 1945. A Satumban 2004 ruwan guguwar Ivan ya cika zauren da ake gasar duniya ta filifa, ya lalata injuna fiye da 200. Aka sake tarawa daga farko, aka danƙa tarin ga gidauniyar Replay Foundation. Ruwa bai gama da su ba, rashin taro ne ya gama da su: kuɗin gidauniyar daga gasa da bukukuwa suke zuwa, da korona ta hana haɗuwa sai ta sanar a ƙarshen 2020 cewa za ta sayar da injunanta.

Akwai kuma gardamar da ba ta ƙare ba tsakanin masu ajiya. Ƙwallon ƙarfe yana cin fentin tebur duk lokacin da aka buga, don haka wasu na ganin injin da ya rage guda ɗaya ko biyu a duniya bai kamata a bar kowa ya taɓa shi ba. Wasu na cewa filifar da ba a bugawa akwati ne kawai. Yawancin gidajen sun raba gardamar: masu yawa a zaure, masu wuyar samu a sito ko bayan igiya.

A Nijar

Tsarin dukiyar da ba ta mutum ɗaya ba ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tamburan fadar Sarkin Gobir a Tibiri da na fadar Katsinar Maradi na sarauta ne, sarki ya tarar da su ya bar su, ba sa shiga rabon gado. Waƙafi a Musulunci ma haka yake: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gada, amfaninsa kawai ake ci, kuma Nijar ta kafa hukuma ta musamman mai kula da shi. Ba wanda zai ce a yi waƙafin injin wasa. Ƙa'idar ce iri ɗaya. A Jiratawa kuma manoman fadamar ban ruwa sun san ɗaya gefen maganar: famfunan na kowa ne, amma in ba a biya kuɗin ruwa an tanadi na kuran da na gyara ba, injin da ya tsaya ya tsaya ke nan.

Ta fuskar doka, ƙungiyoyi a Nijar sun daɗe suna bin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, wadda ta ɗauko ruhinta daga dokar Faransa ta 1901: mutane su haɗu kan wata manufa da ba raba riba ba, su rubuta dokokinsu, su nemi izinin ma'aikatar cikin gida. Babban gidan tarihin ƙasar, na Boubou Hama a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, na gwamnati ne, kuma yana da nisan fiye da kilomita 600 daga Maradi.

Abin da ke gidajen Maradi ba filifa ba ne. Kasusuwan waƙoƙin makaɗan da suka rasu ne, da faya-fayen garmaho, da akwatunan rediyo, da hotunan tsoffin masu ɗaukar hoto, da sikelin awon gyaɗa na zamanin da gyaɗa ke riƙe da garin, da injunan nuna fim na gidajen siliman da aka rufe. Su ma zafi da ƙura da gara na cin su, kuma masu iya gyaran rediyo mai kaset suna ƙarewa a kasuwa. Mai son ya miƙa irin wannan tarin ga ƙungiya zai fara da rubuta kowane abu da lambarsa a littafi, a bambanta abin da aka ba da kyauta da abin da aka ba da aro, a sa hannu a gaban shaidu tun mai shi na da rai. Takardar fili ko ta gini ta fito da sunan ƙungiyar. A cikin dokokinta kuma a ambaci sunan inda kayan za su koma in ta rushe, ko jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko gidan tarihin Yamai, ko wata ƙungiyar mai irin aikinta.